Kazar da Inna ta ɓoye ma Bature

Shekarun baya, zamanin da Turawa ka mulki, muna zaune wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Ni lokacin ɗan elemantare ne, ba abin da na ƙware ga shi sai cin tuwo da gudun wanka.

Muna da wata jar kaza, ta yayata ce. Sanƙarau yaɗ ɗauke yayar nan tawa tana budurwa, abin da ta bari duniya bai wuce zanenta da kazar nan ba. Ɗiyan kazar shaho da muzuru sun gama da su, ita ɗai tar rage. Inna ba ta ce mata kaza, sai dai "ta marigayiya". Ƙwanta ja-ja ne, ɓawon da ƙwari, in ka ƙwanƙwasa shi ga haƙori sai ka ji ƙwas.

Sai anka yi shela Bature na zuwa rangadi: kowane gida ya tanadi ƙwai, gidan da bai da ƙwai ya ba da kaza. Hankalin Inna yat tashi, don ta san in yaran hakimi sunka ga kaza mai ƙiba tana yawo, ba su tsayawa tambayar mai ita. Ta kama ta, ta kai ƙuryar ɗaki, ta kihe da akurki, ta lulluɓa tabarma. Dusa da ruwa, shi ke nan.

Bature kuwa ya ƙi zuwa. Yau a ce gobe, gobe a ce sai bayan kasuwar Isa.

Ƙwai ya soma koɗewa, daga ja ya koma kamar toka. Sannan ɓawon yay yi kaushi, yay yi shara-shara, har kana hangen gwaiduwa in ka ɗaga shi ga rana. Wata Bahillata da ka kawo muna nono ta gani, tac ce, "Inna, sake ta. Kaza ba ta tona ƙasa ba, ba ta sha rana ba, da mi za ta yi ɓawo?"

Inna tac ce, "Na sani, ɗiyata. Ya zo ya wuce tukun, za ni sakinta."

Ranar da yaz zo, dogari ya shigo gidanmu da kukun Bature. Inna ta hito da ƙwan cikin ƙwarya, ta shimhiɗa mai ƙaiƙayi kamar jinjiri. Kuku ya ɗauki guda, kahin ya kai shi kunne ya hwashe mai ga yatsu. Ya ɗauki wani, hakanan.

Yac ce, "Haba baba, wanga ƙwai ne ko majina?"

Dogari na cikin dariya, sai kazar tay yi kyarkyara daga ƙurya. Ashe ƙwai tas saka.

Inna ta durƙusa. "Ɗan nan, ta ɗiyata ce da tar rasu. Ka ɗauki zanena."

Dogarin ya bar dariya, ya duƙar da kai. "Allah ya jiƙanta, Inna. Ni ma aiko ni anka yi."

Ya shiga ƙurya ya kamo kazar, ya hita da ita kai ƙasa. Maƙwabtanmu da sunka bar nasu kaji suna yawo bola, ƙwai sunka miƙa, anka wuce su.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tsugune inda take, sannan tac ce, "Ni nib ba su ita."

Ba ta ƙara kiwon kaza ba har ta koma ga Allah. Na girma, na haihu, ni ma na binne nawa, sannan nig gane ba wauta tay yi ba. Wanda mutuwa ta taɓa yi ma ƙwace, ba ya iya riƙon komi da sassauci. Abin da ka cina har yau, ban taɓa ce mata ba laihinta ba ne. Ina yaro ban san ana hwaɗin haka ba, da nis sani kuma ba ta nan.