Ranar da na ja addu'ar jana'izar ɗana

Rana ta fara karkata, gawar ɗana Yusufu tana ɗaki, motar Fada, limamin cocinmu, kuwa ba ta iso daga Kano ba.

Zamanin Turawa ne, ina malamin ofis a Kazaure. Mu Katolika 'yan tsiraru ne, a gidana muke taruwa mu ja rosari, carbinmu na addu'a, kowace Lahadi. Na aika wa Fada tun da safe, na kuma ƙudura cewa ba za a sa yaron a ƙasa ba sai ya zo.

Maƙwabcina Malam Garba, Musulmi, wanda ya haƙa kabarin tare da ƙannensa, ya tsaya a bakin zaure.

"Malam Bitrus, zafin bazara ba ya jira. A yi wa yaron nan sutura."

"Sai Fada ya zo, Malam."

"In bai zo ba fa?"

Sai Iya Marta, dattijuwar ƙungiyarmu, ta danƙa mini rosarinta.

"Ɗana, wa yake ja mana addu'a duk Lahadi? Ba Fada kake jira ba. Ambaton sunan yaron kake tsoro."

Na ja addu'ar. Muryata ba ta karye ba sai da na roƙi Waliyyi Yusufu ya yi wa takwaransa rakiya. Malam Garba ya jira a gefe har muka gama, sannan ya shiga kabarin ya karɓi yaron daga hannuna.

Fada ya iso washegari.

Har yau, a kan sunan nan muryata take tsayawa. Ku da kuka taɓa binne ɗa, wa ya tsaya muku a ranar?