Kunnuwan Saja

Kullum kafin matuƙi ya iso, Saja ya riga ya shiga jirgin, irin mai saukar ungulun nan. Ya duba tukunyar iskar numfashi, ya jijjiga ɗaurin gadon majinyaci, ya kakkaɓe bargo. Ma'aikacin jinya ne na soja, amma yawancin waɗanda ya ɗauko ba su taɓa riƙe bindiga ba. Masu naƙuda ne, da waɗanda suka yi hatsari inda motar asibiti ba ta kaiwa.

Ƙarar injin tana cin kunne, don haka kowane ma'aikaci yana da abin rufe kunnensa. Majinyaci ne ba a tanadar wa ba. Sai Saja ya cire nasa ya sa masa.

Matar yayana shaida ce, shi ya ɗauko ta ranar da ruwa ya karya gada tana zubar da jini bayan haihuwa. Ta ce ƙarar ta fi ciwon firgita ta, sai ta ji an rufe mata kunnuwa, komai ya lafa. Matuƙin ya ce ya sha yi masa faɗa, amsar ba ta canzawa: "Ranka ya daɗe, ni na san injin ne. Ita ta ɗauka mutuwa ce."

Watan jiya likita ya gwada shi, aka sauke shi daga jirgi. Kunnen dama ya mutu, na hagu saura kaɗan.

Muka je gidansa godiya. Matar yayana ta daɗe tana magana, har da hawaye. Yana ta kallon bakinta. Da ta yi shiru ya juya ga matarsa: "Ciwon ne ya dawo?"

"Godiya take yi, Baban yara," ta ɗaga murya a kunnen hagu. Ta dube mu. "Da can ma ba jin maganata yake ba. Yanzu dai ya samu shaidar likita."

Muka yi dariya. Ya taya mu, bai san ta mece ce ba.

Saja, kai ne mai sanyaya zuciyar wanda ya ga lahira kusa. Mun makara. Godiyar da ta kamata ka ji da kunnenka, yau sai dai ka karanta. Allah ya saka maka.

Masu tasowa, ku ɗauki halinsa. Ku kuma manya, ku ƙara abin rufe kunne ɗaya a kowane jirgi, kada na bayansa ya biya da kunnensa.