Inna Mai Sikeli Ta Ajiye Aiki

Shekara ashirin da shida, kullum kafin mai gadi ya gama shara, Inna Mai Sikeli ta riga ta buɗe ƙaramin ɗakin shan magani. Sai ta leƙa firiji, ta jera kwalaben rigakafi a akwatin sanyi, ta ɗauki sikelinta mai ƙugiya da abin awon jini, ta shiga motar da masu tallafi suka ba shirin lafiyar karkara. Ƙauye tara take zagawa. A kowanne akwai reshen bishiya da igiyarta ta goge har ya yi santsi, don a nan take rataya sikeli, yara na ta tsala ihu, iyaye na dariya.

Ba likita ba ce, kuma ba ta yarda a kira ta haka. Amma tsofaffi ita suke shakka. Akwai wani dattijo maƙeri da ya rantse ba mai ɗaure masa hannu.

"Baba, kai da kake dukan ƙarfe, ɗan wannan ƙyallen kake gudu?" in ji Inna.

"'Yata, ai ƙarfe ba ya matse ni."

Sai da ta auna nata a gabansa sannan ya miƙa hannu. Ashe jinin ya hau sosai. Yana nan da ransa, yana shan ƙwayarsa, yana kai ƙararta wurin kowa wai ta raba shi da gishiri.

A shekararta ta shida tallafin ya tsaya na wani lokaci. Mota ta yi wata bakwai a ajiye har tayoyinta suka sace, ma'aikata suka watse, ba kuma wanda ya ga laifinsu. Ita kuwa abin da ya hana ta sakat shi ne katin wata jaririya a ƙauye na ƙarshe, wadda nauyinta ya yi wata biyu yana raguwa. Ta shiga motar kasuwa, ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar gudawa ta tsotse yarinyar, ko kuka ba ta iyawa. Kakarta ta ce haƙori ne, zai wuce.

"Iya, na ga haƙori iri-iri, wannan ba shi ba ne," in ji Inna. "Ki miƙo min ita, ki biyo ni. In na yi ƙarya, ki zage ni a gaban jama'a."

Ta haɗa ruwan gishiri da sukari, tana ɗiga mata da cokali har babban asibiti. Suka yi kwana tara. Yarinyar ta tashi. Bara ta kawo ɗanta na fari awo.

Inna, ke ce asibitin waɗanda kwalta ba ta kai gare su ba. Ke ce kika san kowane yaro da fuskarsa, ba da lambar kati ba. Mun yi kewar zamanin da ake jin ƙugin motar nan daga nesa, mata su fito da goyo suna cewa, "Ta zo!" Mun gode. Allah ya saka, ya ba gwiwoyin nan da suka zaunar da ke sauƙi.

Ku da kuka gaji aikinta, ku riƙe shi yadda ta riƙe. Ku kuma masu karatu, in akwai irinta a garinku, kada ku jira sai ba ta nan. Inna dai tana gida, ƙofa a buɗe. Sai dai mai zuwa gaisuwa ya shirya amsa, don kafin ya zauna za ta tambaye shi ko an yi wa yaransa allura.