Kabarin 'Yar Jindo

Da na dawo Mokpo, garinmu na bakin teku, bayan shekara bakwai ina karatu a ƙasar waje, akwai al'adun gida da na riƙa kallo da gefen ido. Ɗaya daga ciki ita ce aske kaburbura. Duk shekara kafin bikin girbi, mutum ya saɓi injin yankan ciyawa ya hau tsauni, ya gyara tudun da na cikinsa ba zai ce masa sannu ba. Na sha tambayar kaina ko don matattu ake yi ko don idon rayayyu. Har yau ban sami amsa ba. Abin da na samu shi ne labarin Kawu Pyo Mangil, mai babur ɗin da ke kai wa abokan cinikin mahaifiyata busasshen kifi. Labarin bai warware mini komai ba, ya dai hana ni saurin magana.

A tsibirin Garim aka haifi Mangil, tafiyar awa biyar a jirgin ruwa. Yana da shekara shida teku ta haɗiye mahaifinsa, ko takalmi ba a tsinta ba. Mahaifiyarsa daga Jindo aka auro ta, don haka kowa 'Yar Jindo yake ce mata, kamar yadda ake kiran kowace matar aure da sunan garinsu. Yana da sha bakwai ya bi manyan jiragen kamun kifi. Labarin rasuwarta ya riske shi a wata tasha a can ɗaya gefen duniya, bayan wata biyar da binne ta. Bai koma ba. Da fari nisa ce ta hana shi, daga baya kunya, daga ƙarshe kwalba.

Sai da ya kai hamsin da biyu ya ajiye kwalbar, ya sayi babur na hannu, ya kama aikin kai saƙo. Doguwar tafiyar farko da ya yi da shi, Garim ya nufa. Ya sami mai unguwa na lokacin, wani Gwak, ya ce a nuna masa kabarin 'Yar Jindo. Gwak ya kai shi gindin wani tudu marar dutsen suna a gefen tsauni, ya ce ga shi. Mangil ya kifa goshi a wurin ya yi kukan da ya makara shekara ashirin da uku. Tun daga nan bai taɓa fashi ba.

Haka ake ciki har bara.

Ƙarfe shida na safe jirgin Garim yake tashi. Motoci ake fara shigarwa, babura a ƙarshe, a lungun da ke kusa da ƙofar ƙarfe. Mai ɗaure su wani Bang ne, sa'an Mangil, mutum mai kaurin wuya da ba ya gajiya da tsokana.

"Ga wanzamin matattu ya iso," in ji Bang. "Buɗe akwatin mu gani."

"Shekara goma sha ɗaya kana buɗe akwatin nan. Me ka taɓa samu?"

"Ranar da ban buɗe ba, ranar za ka cusa jarka."

Jirgin ba ya yarda a shiga da jarkar fetur, a Garim kuma ba gidan mai, ƙananan jiragen masunta duk da man gas suke aiki. Saboda haka abin da ke cikin tankin babur shi ne komai na Mangil: da shi zai yi tafiyar kilomita tara zuwa ƙauye, daga shi zai tsotso wa injin aski, da ragowar zai dawo. Ya san lissafin kamar tafin hannunsa. Kabari ɗaya da hanyarsa, da ɗan saura.

Bang ya laluba akwatin: inji a naɗe, lauje, guntun tiyo, busasshen kifi, fiya biyu. Ya ɗaga wata kwalbar barasar shinkafa.

"Wannan fa?"

"Ta tsohuwa ce."

"Uwa na sha, ɗa ya tuba. Bar mini babur ɗin a giya."

"Shi kaɗai ya rage mai giya a gidanmu."

Bang ya cusa katako ƙarƙashin taya, ya ja igiya ta gaba da ta baya har babur ɗin ya ɗan durƙusa. Da ya miƙe fuskarsa ba wasa. "Ƙarfe huɗu za mu biyo. Iska na tafe. Idan ka rasa mu, sai bayan kwana uku, ko huɗu."

A ɗakin fasinja ba kujeru, kowa ya tuɓe takalmi ya miƙe a ƙasa. Kusa da Mangil wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta tara ƙullin kaya a gefenta. Ta miƙo masa dafaffen ƙwai ba tare da ta tambaye shi ko yana so ba. Ta ce 'Yar Haenam ake ce mata, shekara goma sha biyar tana wurin 'yarta a birni, a bene hawa na tara, ta gaji da kallon rufin motoci, ta dawo ta mutu a ɗakinta. Sai ta ƙura masa ido.

"Kai ɗan waye? Goshin nan na san shi."

"Ɗan 'Yar Jindo ne, Iya."

"Wacce?"

A daidai lokacin jirgin ya fita bakin tsibiran kusa ya shiga buɗaɗɗen ruwa, igiyar ruwa ta buge shi a gefe. Daga ƙasa Mangil ya ji ƙarar ƙarfe, ya zabura ya sauka duba babur. Ba nasa ba ne, wata tukunyar gas ce ta mirgina. Da ya dawo tsohuwar ta lulluɓe fuska da gyale, amai na taso mata. Tambayarta kuwa ya ɗauke ta a kan rashin ji na tsufa.

Sha ɗaya suka sauka. Ya bi tsohuwar hanyar siminti da ta farfashe, ya haye tsauni, ya wuce makarantarsu da kurangar daji ta rufe tagoginta, ya wuce gidajen da ba hayaƙi. Gida bakwai ne suka rage da mutane. A ƙasan gangaren da kabarin yake ya kafe babur, ya zura tiyo a tanki ya tsotsa har fetur ya taɓa harshensa, ya tofar, ya cika injin. Ya share hanya, ya aske tudun tas, ya bi gefe-gefe da lauje don kada wuƙar inji ta kwashe ƙasa. Ya jera kifi da fiya, ya zuba barasa, ya kai goshi ƙasa sau biyu.

"Inna, na zo. Gwiwata ta hagu ta fara ciwo irin taki. Bana kifin ya yi tsada, amma na zaɓo miki mai kyau."

Yana yayyafa ragowar barasar a kan ciyawa ya ji numfashi a bayansa. 'Yar Haenam ce da sanda, motar mai unguwa ta kawo ta ƙauye, ta hawo gaida kabarin mijinta da ke sama kaɗan. Ta dubi tudun, ta dubi Mangil.

"Ashe da gaske ne. Sun ce mini a ƙasa wai ɗan da ta baro a Jindo kafin aure ne yake zuwa. Na ce ƙarama ba ta taɓa haihuwa ba, ni na sani."

"Wace ƙarama, Iya?"

"'Yar Jindo ƙarama mana. Matar Gurgu mai komar ruwa." Ta matso har yana jin warin man zafi a jikinta. Ta ɗaga hannu ta taɓa goshinsa. "Kai. Mangil ne? Ɗan babba? Wanda ya bi jirage?"

Kwalbar na hannunsa har yanzu.

"Me kake yi a nan, ɗan nan? Wannan ai ba uwarka ba ce."

Ta zauna a kan ciyawar da ya yanke ta warware masa a hankali, kamar mai tsince shinkafa. Bayan tafiyarsa da shekara biyu aka kawo wata amarya daga Jindo, sai aka riƙa cewa babba da ƙarama. Da babbar ta rasu, sai sunan ya zama na ƙarama ita kaɗai. Gwak kuwa a birni ya yi ƙuruciyarsa, bai dawo ba sai bayan an binne babba. 'Yar Jindo ɗaya ya sani, ita ya nuna. Shi ma yanzu yana ƙarƙashin nasa tudun.

"Ba wanda ya ce mini komai," in ji Mangil.

"Wa zai ce? Waɗanda suka sani sun mutu ko suna birni. Sauran kuma labarin ɗan ɓoye ya fi musu daɗi."

"Ina take?"

Ta nuna da sanda, can bayan marmaro, sama da inda gonar sha'ir take a da. Mangil ya duba. Ba gona. Gora ce ta cinye gangaren gaba ɗaya, ta haɗe kamar bango, kuranga ta nannaɗe ta.

"Ni na yi mata wanka. Ba dutse. Murfin tulunta na miya muka kife a wajen kai, don ka gane idan ka zo."

Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa wurin. Ya san abin da saiwar gora take yi wa kabari. Ya dubi agogo, ɗaya da rabi. Ya dubi tsohuwar, wadda ba lalle ta ga wani bikin girbin ba, kuma bayan ita ba mai nuna masa ko da gefen. Ya gangara wurin babur da injin da kwalbar da ta zama wofi, ya zura tiyo. Da tiyon ya daina kawowa sai ya kwantar da babur ɗin a gefensa, ya tatse ɗigon ƙarshe.

Gora ba ciyawa ba ce. Wuƙar tana shiga tana tsalle, sandunan suna faɗo masa a ka. Rina suka harbe shi a wuya da bayan hannu, bai tsaya ba. Yana yanka yana taka ƙasa da tafin ƙafa, yana neman inda ta ɗan tasa. Ya sake cika injin, ya sake, har ba abin cikawa. Ƙarfe huɗu ya jiyo ƙahon jirgi daga bayan tsauni, sau ɗaya, sai kuma sau biyu a jere, abin da ba a saba ba. Ya san Bang ne ya roƙa. Jim kaɗan injin ya yi tari ya mutu. Ya ajiye shi ya ɗauki lauje.

Rana ta karkata sosai lokacin da laujen ya bugi wani abu ya yi ƙara irin ta kasko. Ya durƙusa ya tona da hannu. Murfin tulu ne, ya rabe biyu. Sai dai ba a kan kabari yake ba. Aladun daji sun yi tono a wurin sun ture shi, yana kwance a wani kwari, a damansa tudu, a hagunsa tudu, dukansu sun lotsa, gora ta huda su.

Ya sauka ya goyo 'Yar Haenam a bayansa. Ba ta fi buhun gawayi nauyi ba. Ya sauke ta a tsakanin tudun biyu. Ta daɗe tana dubawa, ta juya ta kalli teku, ta sake juyowa.

"A lokacin ɗaya ne kawai," in ji ta. "Da wata bishiya a nan. Ɗayan ban san na waye ba, wataƙila ina birni aka yi shi, wataƙila na manta." Ta share ido da bakin gyale. "Kada ka sa ni in yi maka ƙarya, ɗan nan. An riga an yi maka sau ɗaya, ba da gangan ba."

Kifi da barasa duk sun tafi wurin ƙarama. Hannu wofi ya tsaya a kwarin, ya kai goshi ƙasa sau biyu yana fuskantar tsakani.

"Malsun," ya ce a hankali.

"Wa ke nan?"

"Sunanta."

Tsohuwar ta maimaita shi a bakinta. "Shekara talatin rijiya ɗaya muke ɗiba. Ban taɓa ji ba."

Iskar ta iso washegari. Kwana huɗu ya yi a gidan 'Yar Haenam, yana toshe mata rufi da safe, da rana yana hawa da lauje yana tuge saiwa. Ranar da ruwa ya kwanta ya tura babur kilomita tara, ya haye tsaunin da gwiwarsa mai ciwo. Bang yana bakin ƙofar ƙarfe. Ya ga wuyan da ya kumbura, ya girgiza babur ɗin ya ji ba motsin mai a tanki. Shi ya karɓi kan babur ɗin ya shigar, ya ɗaure, bai ce a buɗe akwati ba.

'Yar Haenam ta rasu da sanyin da ya biyo baya.

Makon jiya na tarar da Kawu Mangil a ƙofar shagonmu yana wasa wuƙar inji, ya sayi sabon tiyo. A kan sirdin babur akwai kifi uku, mahaifiyata ta naɗe kowanne daban. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Kawu, tankin nan kabari ɗaya yake ɗauka da dawowa. Bana wanne za ka aske?"

Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa kafin ya amsa.

"Biyun cikin gora dole ne, tunda ban san wacce ba ce. Ƙarama kuma shekara goma sha ɗaya ina ce mata Inna, ba ta taɓa musa mini ba, kuma ba ta da kowa. Man zai ƙare. Na gaya wa Bang kada ya ɓata ƙahonsa. Zan turo babur ɗin."