Kowa Yusufu a Gidanmu

Ba zan taɓa manta kakar da na karanta wa 'yan'uwana labarin Yusufu ba. Shekaru sun shuɗe, amma ko yau na tuna sai haushin ya taso mini sabo fil.

Mu uku Mama ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Bayan rasuwar Baba, su biyun suka ci gaba da noma gonarsa ta bakin daji, wajen Kakangi. Ana tsakiyar damina ɓarayin daji suka kore mana shanun huɗa. Yaya ya ce Auta ne ya ɗaure su nesa da gida ya tafi kallon ƙwallo. Auta ya ce tun bara ya ce a sayar da su, Yaya ya ƙi. Daga nan gaisuwa ta mutu. Gida ɗaya, zaure ɗaya, amma in ɗaya zai fita sai ya leƙa ya ga ko ɗayan ya wuce. Magidanta fa, kowa da gemunsa!

Da dawa ta nuna, abin ya wuce wasa. A lokacin ba mai shiga gonar bakin daji shi kaɗai. Wani na yanka, wani na sa ido a hanya, a kwaso a dawo da sauran rana. Maƙwabta duk sun kwashe tasu. Tamu na tsaye tsuntsaye na biki, ita ce kuma abincinmu na shekara. Yaya ya ce wanda ya kasa tsaron shanu ba zai tsare masa baya ba. Auta ya ce to ya tafi shi kaɗai mana.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, sabuwar shiga zumuntar mata ta coci, gani nake ba taurin kan da Littafi Mai Tsarki ba zai narkar ba. Da ƙyar na tara su a addu'ar safe, ɗaya a bakin rumbu, ɗaya a gindin mangwaro. Na karanta yadda 'yan'uwan Yusufu suka sayar da shi, da yadda ya rungume su yana kuka daga baya. Na rufe littafin ina jiran hawaye.

Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Kin karanta daidai, ƙanwata. Haka ake yi wa mai gaskiya a gidan ubansa. Ni ma ranar da ya zo ya durƙusa, zan yafe."

Auta ya zabura. "Anti, ki tuna masa Yusufu ƙarami ne! Yayyensa ne suka jefa shi rami."

Washegari na gwada Kayinu da Habila, kowa ya zama Habila. Na kawo labarin ɓataccen ɗa. Yaya ya ce ai ga ɓataccen can a gindin mangwaro, Auta ya ce ai ga babban wan nan mai kumburi a ƙofar gida. Kamar in fasa ihu. Ashe duk sun san Littafin sarai, jifa kawai suke yi da shi.

Wata safiya sai ga Mama ta fito da wuƙar yankan dawa ta Baba, da buhu a kafaɗa, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa.

Na ce, "Mama, ina zuwa?"

Ta ce, "Gona. Ina jin ku kwana da kwanaki, wannan Yusufu, wancan Yusufu. Ba wanda ya tuna da tsoho Yakubu da ke zaune a gida ga yunwa. To ni ce shi. Shi dai ya samu 'ya'yan da zai aika su nemo hatsi. Ni ba ni da su, zan je da ƙafata."

Mun ɗauka barazana ce, sai da ta sha kwana ta ɓace mana. Na juya na zazzage musu abin da bai dace da bakin 'yar zumunta ba. Yaya ya haye babur ya yi ta bugawa, ya ƙi tashi. Ba wanda ya roƙi Auta, sai gani na yi ya dafa bayan babur ɗin yana turawa, babur na tashi ya ɗane baya. A bakin rafi suka cim mata tana naɗe zani za ta tsallaka.

Sun dawo da ita, suka koma gonar tare. An ce maganar farko da ta shiga tsakaninsu ita ce, "Kai, riƙe bakin buhun nan." Ba wanda ya durƙusa, har gobe kuma ba su daidaita kan laifin shanun ba. Dawar da tsuntsaye suka rage ba ta kai mu ƙarshen bazara ba.

Tun daga ranar, in na buɗe Littafin kan rikicin gida, na daina neman wanda aka cuta don in ce ni ce. Abin da nake fara tambaya shi ne, yayin da muke tantance mai gaskiya, wa muka bari zaune da yunwa?