Sannu a Kan Gangara

A tsakiyar shekarun casa'in ina aikin ɗaukar kaya a wani sito a Aubervilliers, da yamma kuma in tafi ajin karatun manya kusa da Goutte d'Or. Na riga na haura arba'in. Cikin hunturu taubashina, wanda ke aikin asibiti a Lyon, ya kira ni ya ce in zo mu hau dutse mu yi siki, wasan nan na sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Na iso da jirgin ƙasa ran Juma'a. Asabar da safe sai aka neme shi wurin aiki.

"To Alhaji, sai ka zauna gadin tukunya," ya ce yana ɗaure takalmi. "Kai da ko keke sai an riƙe maka."

"Ara mini rigar sanyinka."

"In ka sauko sau ɗaya a tsaye, da durƙuso zan riƙa gaishe ka."

Na hau kar, wato babbar motar masu zuwa dutse, ni kaɗai, ba abin da nake so sai saukar nan ɗaya kafin motar ta juya da la'asar.

Mai ba da hayar kaya ya ɗaura mini takalma masu nauyi da dogayen katakai biyu, ya miƙo mini sandar dogarawa. Ya nuna mini da hannu cewa in zan tsaya, in haɗa bakinsu a gaba, in buɗe su a baya. Na daɗe gaban allon hanyoyi ina haɗa baƙaƙe a hankali, har na gane koriyar hanya ita ce ta ƴan koyo. Wata sanda mai igiya ta ja ni zuwa sama. Can shiru ne, sai ƙarar katakai a kan ƙanƙara, da haske mai sa hawaye.

Tafiyar ba ta gagare ni ba. Abin da ya hana ni sauka daban ne. A garinmu mutum ba ya faɗuwa a gabanka ka wuce ba ka ce masa sannu ba, ita kuwa koriyar hanya cike take da masu faɗuwa. Da na hango wani a ƙasa sai in karkata wajensa, kuma tun da ban iya tsayawa ba, sai in zube kusa da shi, in ce sannu daga kwance. Wasu su yi dariya, wasu su tashi su bar ni ina neman sandata. Haka na wuni. Na ci burodi da sardin, na yi azahar a bayan wata bukkar katako, na koma.

Hawan ƙarshe na ce wa raina wannan karon ba ruwana da kowa. Na yi nisa lafiya lau, sai ga wata tsohuwa mai jar hula zaune a tsakiyar hanya, katakonta ɗaya ya fice. In na zube a nan, a kanta zan zube. Wucewa kuma ba zan iya ba. Na haɗa bakin katakan, na danna dugadugai da duk ƙarfina. Na ja, na ja, na tsaya cak a gabanta, a kan ƙafafuna.

"Sannu, Inna."

Ta ɗaga kai tana tambayar me na ce. Na gaya mata da Faransanci abin da muke ce wa wanda ya faɗi ke nan. Ta maimaita kalmar, ta miƙo mini hannu. Muka ƙarasa ƙasa a hankali, tana gaba ina biye.

Da magariba na iske taubashina yana kwashe shinkafa. Na gaya masa na sauko a tsaye.

"Wa ya gani?"

"Wata tsohuwa."

"Ita ma taubashiyarka ce?"

Bai durƙusa ba. Amma da ya ga yadda nake lallaɓa gwiwa kafin in zauna, ya turo mini kwano ya ce, "Sannu."