Ƙanzon Iya Tabawa

A gidanmu na Ba'awa ba a jin tatsuniya kyauta. Bayan sallar magariba kakarmu Iya Tabawa takan zauna gindin murhu, ta turo mana tukunyar tuwo mu kankare ƙanzo, sannan ta buɗe baki. Ƙanzon a shanya shi, a jiƙa ranar da babu. Tokar murhun ma ba ta zubarwa, da ita take tace ruwan tokar miya. Mu dai mun ɗauka rowa ce.

"Ku matso, ga ta nan ta kawo kai," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo, Iya."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta matar bakin rafi. Wata mata ce rumbunta cike, ba ta son ganin abin jiya. Tuwo ya kwana, sai rafi. Ƙwarya ta tsage, sai rafi. Dusa da ƙaiƙayi, waɗanda maƙwabta ke ba akuya ko su kai gona, duk rafi. Rafi bai ce uffan ba. Wata shekara ruwan sama ya ɗauke, rijiyoyi suka ƙafe, gari ya koma rafi da tuluna. Kowa ya ɗebo ruwa garau. Ita kuwa ta tsoma nata, sai ruɓaɓɓen tuwo da sakaina. Ta zubar ta sake, haka dai. A nan Iya takan yi ƙasa da murya, wai rafin ne ke magana: "Baiwar Allah, ajiyarki ce. Ko loma ban ci miki ba."

"Iya, ta mutu?" ƙanwata Ladi takan tambaya.

"Ina! Hannu ta sa ta kwashe abinta kafin ta sha ruwa. Ke kuma kankare can gefen, kin bar rabi."

Yanzu ina aikin duba dabbobi a Doguwa. Kwanan baya wani dattijo makiyayi ya koro min saniyarsa, tana ta rama alhali cikinta a kumbure. Ita ce mai ba jikokinsa nono. Na yi allura, na ba da magani, ba ta tashi ba. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro leda daga tumbinta, ta murɗe kamar igiya, sai da muka kama mu biyu. Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ba ciyawar dajinmu ba ce," ya ce.

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Tun ranar na rataye buhu biyu a wurin aiki, na leda da na robobi, don masu saye su riƙa ɗauka. Abokan aiki suna jefa ɓawon gyaɗa a ciki, wani ma ya kwance ɗaya ya zuba masararsa. A gida bakina ya gaji da cewa a tafi kanti da kwano. Yara su dawo da gishiri da ashana, kowanne da ledarsa.

Da ina yaro na ɗauka labarin na almubazzaranci ne kawai. Yanzu wani abu ke damuna. Matar nan ita ta zubar, ita ta kwashe. A zamaninmu wanda ya yar daban, wanda ya rasa saniya daban, kuma ba su ma san juna ba. Iya ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ba ta san sharar da ƙasa ba ta ci ba.

Gobe kasuwa ke ci. Zan nemo wani buhun, wannan karon da waya zan ɗaure shi.